Rigatar Yauri: Abin da ke jawo baƙi bakin ruwa da abin da ke hana su dawowa

A 'yan shekarun nan, duk watan Fabrairu gaɓar Kogin Kwara a Yelwan Yauri kan cika ta batse. Dogayen kwale-kwale su jeru a kan ruwa, makaɗa na zuga matuƙa daga tudu, 'yan kallo wasu a rumfa, wasu a rana, wasu a cikin ƙananan jirage. Wannan shi ne bikin Rigata, wanda Masarautar Yauri da gwamnatin Jihar Kebbi ke fatan ya zame wa kudancin jihar abin da bikin kamun kifi ya zame wa Argungu.

Da zarar taro ya watse, sai muhawara ta biyo baya. Matuƙa kwale-kwale da masunta da 'yan kasuwa da baƙin da suka zo kallo ba su saɓa a kan cewa Allah Ya yi wa Yauri baiwar ruwa ba. Inda suka rabu shi ne ko an tanadi abin da zai sa wanda ya zo bana ya dawo baɗi da iyalinsa, da kuma ko amfanin bikin yana kaiwa ga mutanen da ke kwana suna tashi a kan ruwan.

Tambayar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. Ta shafi kuɗin jama'a da ake kashewa, da sana'ar dubban mutane a ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da kuma rayukan da ke salwanta a ruwan nan idan babu kyamara a kusa.

Daga farautar dorina zuwa tsere

Kalmar Rigata aro ce daga sunan da Turawa ke kiran tseren jiragen ruwa da shi, amma wasan kansa ya riga zuwan Turawa. Bisa tarihin da masarauta da masu shirya bikin ke bayarwa, ya samo asali ne kimanin shekara 200 da suka wuce, lokacin da jaruman Gungawa, mazauna tsibiran kogin, ke fita cikin kwale-kwale da makamai don farautar dorina. Fitar tana zama atisayen yaƙin ruwa, tana kuma kare gonaki daga ɓarnar dabbar.

Da Turawan mulkin mallaka suka hana kashe dorina, sai aka bar farautar aka riƙe nuna bajinta: tsere da iyo da nutso da gwanintar sarrafa jirgi. An kuma shirya irin wannan wasa tare da nunin amfanin gona don karrama Firimiyan Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, lokacin da ya ziyarci Yelwa.

Yau bikin na gudana ne ƙarƙashin Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke kan karaga tun 1999. Gwamnatin Gwamna Nasir Idris, wadda ta hau a 2023, ta sanya shi cikin bukukuwan da take tallatawa, tare da na Argungu da Uhola na ƙasar Zuru.

Abin da masu yabo ke gani

Abu na farko da masu yabo ke ambata shi ne faɗin ruwan. A Argungu, ana yin kamun kifi ne a Matan Fada, inda dubban masunta ke afkawa cikin ƙaramin kogi, a gama cikin ɗan lokaci. A Yauri kuwa, kogin ya buɗe yana shiga Tafkin Kainji, wanda tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa gaba ɗaya kuma ya kai murabba'in kilomita 1,200 da wani abu idan ya cika. Ga matuƙi, wannan fili ne da zai nuna ƙarfin damtse da iya riƙe filafili. Ga ɗan kallo, abin gani ne da ba kasafai ake samun irinsa a Arewa maso Yamma ba.

Na biyu, wasan ba na koyo ba ne. Waɗanda ke tsere su ne dai waɗanda ke tuƙa albasa da shinkafa da kifi zuwa kasuwa a sauran ranakun shekara. Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna gaɓa sun tashi da filafili a hannu tun suna yara. Baƙon da ya saba ganin raye-rayen da aka shirya domin manyan baƙi kaɗai yakan gane bambancin nan take.

Na uku shi ne yawan al'adu a wuri ɗaya. Ƙasar Yauri ta haɗa Yaurawa da Gungawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa da Fulani, kowa da kiɗansa da adonsa. Ga kuma kasuwar kifin Yauri, wadda ta yi suna wajen banda da ɗanyen kifi irin su giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, har fatake na lodi zuwa kudancin ƙasar.

Sai tarihi. Yauri na cikin tsofaffin daulolin da ake lissafawa a Banza Bakwai. Birnin Yauri shi ne tsohuwar fadar, kafin rikice-rikicen ƙarni na 19 su sa sarauta ta yi ƙaura, har ta zauna a Yelwa a 1888 zamanin Sarki Abdullahi Abarshi. Ta nan Baturen nan Mungo Park ya bi kafin ya halaka a ruwan Bussa a 1806, kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sauka a Yauri a 1830 suna bin sawun kogin. Duk wannan jari ne ga mai son yawon buɗe ido, idan an samu wanda zai nuna masa.

Ruwa ne jarin, amma ba a Yauri ake juya shi ba

Masu wuraren wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Turai sun san cewa komai kyan otal da na'urar hawa dutse, idan ƙanƙara ba ta sauka ba, kasuwa ta mutu. Ɗumamar yanayi ta riga ta sa an rufe wasu ƙananan wuraren a Faransa. Yauri ma haka take da ruwa, sai dai nata lissafin ya fi sarƙaƙiya.

Kogin Kwara kan kawo cika biyu a shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, wanda ke zuwa da laka daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, daga watan Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a hanya, sannan ya iso nan a cikin hunturu. Wannan baƙin ruwa ne ke riƙe tafkin a cike har zuwa Fabrairu. Shi ya sa watan ya dace da biki: ruwa na nan, hadari bai fara ba, zafin bazara bai kankama ba.

Daga nan ruwa kan fara ja. Madatsar Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968, tana sakin ruwa don samar da lantarki, kuma tun 2013 kamfanin Mainstream Energy ne ke tafiyar da tashar. Kafin sabon ruwa ya iso, tafkin kan sauka da mita da dama, gaɓa ta yi nisa, kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun lokacin cika tafkin su matso sama. A daidai wannan lokaci ne kuma iskar farkon damina ke tayar da igiyar ruwa.

Ma'ana, lokacin da Yauri za ta iya karɓar baƙi a kan ruwa cikin natsuwa watanni ne ƙalilan, daga ƙarshen shekara zuwa farkon bazara. Kuma yawan ruwan ya dogara da abin da ake yi a can sama. Mali na da madatsun Selinge da Markala, Nijar kuma ta daɗe tana aikin madatsar Kandaji a yankin Tillaberi. Duk wanda zai zuba kuɗi a masauki ko jiragen shaƙatawa a Yauri sai ya sa wannan a lissafinsa.

Hanya da masauki

Ƙorafin da ya fi fitowa daga bakin baƙi shi ne wahalar isowa. Filin jirgin sama na jihar yana Birnin Kebbi, kusan kilomita 200 daga Yelwa, ta Jega da Koko. Wanda ya taso daga Abuja ko Minna ta mota sai ya bi ta Kontagora. Wannan ita ce babbar hanyar da ta haɗa Legas da Sakkwato, manyan motocin dakon kaya ba sa ɗauke ƙafa a kanta, kuma matafiya sun daɗe suna kuka da lalacewar wasu sassanta.

Idan an iso, sai batun wurin kwana. Yelwa garin kasuwanci ne, masaukanta an gina su ne domin fatake da ma'aikatan da ke wucewa, ba domin taron dubban mutane a dare ɗaya ba. Sakamakon haka, manyan baƙi da dama kan zo da hantsi su juya kafin magariba, wasu kuma su sauka gidajen 'yan'uwa da abokai.

A nan ne lissafin tattalin arziki ke karyewa. Baƙon da ya kwana shi ne ke cin abincin dare, ya hau babur ko Keke, ya shiga kasuwa da safe, ya sayi kifi da albasa na tsaraba. Wanda ya zo cikin ayarin motoci ya koma a ranar, ƙura kawai ya bar wa gari.

Masu kare gwamnati na cewa ɗan kasuwa ba zai gina otal saboda kwana uku a shekara ba, kuma gaskiya ne. Masu suka na mayar da martani cewa ai shi ya sa bai kamata a tsaya a kwana ukun ba. A ganinsu, da za a tsara zagayen jirgi zuwa tsibirai da ziyarar tsohon Birnin Yauri da ranakun kasuwa a tsawon watannin da ruwa ke cike, da masauki ya samu mai biya.

Rigar kariya ta ranar biki

Babu abin da ya fi ɓata sunan ruwan Yauri kamar haɗarin jirage. A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski. Kusan mutum 20 kawai aka ceto da rai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima da kuma tsufan jirgin.

Bayan wannan musiba da wasu irinta a jihohin Neja da Kwara, hukumomi sun ƙara matsa lamba. Dokokin NIWA sun haramta tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, sun kuma wajabta sanya rigar kariya. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, ta raba irin waɗannan riguna a garuruwan gaɓa.

Sai dai doka a takarda daban, mashigar jirgi daban. Ranar biki akwai jami'ai da jiragen ceto da idon manya. Ranar kasuwa kuwa, a mashigai irin na Wara ko tsakanin Zamare da Rofia, mai jirgi na kallon tsadar man fetur, fasinja na gudun kada dare ya yi masa, sai a ƙara mutum biyar da buhu goma. Wasu matuƙa kuma na ganin sanya rigar kamar raini ne ga wanda aka haifa a bakin ruwa, alhali yawancin waɗanda ke mutuwa fasinjoji ne, mata da yara da ba su iya iyo ba.

Wannan ya shafi yawon buɗe ido kai tsaye. Magidancin da zai ɗauko iyalinsa daga Kano ko Kaduna ba zai bambance jirgin biki da jirgin kasuwa ba. Abin da ya sani shi ne labarin da ya ji a rediyo. Haka kuma dorinar da ake alfahari da ita a tarihin bikin har yanzu tana nan, takan ɓarnata gonakin shinkafa, takan kuma hallaka masunta. A wasu ƙasashe kallon dorina sana'a ce mai kawo kuɗi, amma sai da ƙwararrun 'yan rakiya da iyakar da ba a ƙetarewa.

Tsaro

A ranar 17 ga Yunin 2021, mako uku kacal bayan haɗarin Wara, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri suka sace ɗalibai da malamai. Sai a 2023 ragowar 'yan matan da ke hannunsu suka kuɓuta. Ga mutane da yawa a wajen jihar, wannan ne karon farko da suka ji sunan Birnin Yauri, kuma shi ya zauna musu a rai.

A ɗaya gefen tafkin, Gandun Dajin Kainji, wanda a da yake karɓar masu zuwa kallon namun daji, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Nuwamban 2025 an sace ɗalibai a Maga da ke ƙasar Zuru, aka kuma sace wasu ɗaruruwa a Papiri da ke Ƙaramar Hukumar Agwara ta Jihar Neja, tsallaken kogi daga Yauri. Gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana shawartar 'yan ƙasarta da su guji zuwa Jihar Kebbi sai da larura.

Mazauna Yelwa na da hujja idan suka ce garinsu na zaune lafiya kuma kasuwa na ci. Masu goyon bayan bikin na ƙara da cewa gudanar da shi ma saƙo ne, cewa ba a miƙa wuya ba. Amma tsaron da aka girke na kwana uku ba ya amsa tambayar matafiyi game da hanyar da zai bi kafin ya iso. Wannan ya sa masu lura da al'amura ke ganin kasuwar Rigata ta gaskiya a yanzu ita ce ta cikin gida: 'yan asalin Yauri mazauna wasu garuruwa, da mutanen Sakkwato da Birnin Kebbi da Kontagora da Sabuwar Bussa, ba Turawan da ake yawan ambata a jawabai ba.

Wa ke cin riba?

Akwai wani tsohon ciwo da ke ƙarƙashin wannan muhawara. Lokacin da aka cika Tafkin Kainji a 1968, an tayar da mutum sama da 40,000 daga garuruwansu, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da gonakin fadama masu yawa. Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Jikokinsu ne ke tsere a gaban manyan baƙi yau, kuma da yawa daga ƙauyukan gaɓar na kukan rashin lantarki da hanya da asibiti, duk da cewa ruwansu ne ke juya injinan Kainji.

Masunta kuma na kukan raguwar kifi. Tun a shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya yi aiki a tafkin don hana amfani da tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi da kuma yaƙi da ciyawar da ke toshe ruwa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan a Sabuwar Bussa. Amma yawan masu su ya ƙaru, kuma bin doka ya yi rauni.

Don haka idan matuƙi ya ce kyautar da ya ci a tsere ta yi masa daɗi amma ba ta canja masa komai ba, ba butulci ba ne. Kyauta ta rana ɗaya ce. Abin da zai canja rayuwarsa shi ne jirgi mai inganci, da mashiga mai kyau, da lasisin ɗaukar baƙi, da kifin da zai kama bayan an naɗe rumfuna.

Darasi daga wasu wurare

Argungu ta fara bikinta a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Duk da wannan suna, bikin ya tsaya cik na kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. Idan na Argungu zai iya tsayawa, na Yauri ma zai iya, muddin ya dogara da aljihun gwamnati da ra'ayin wanda ke kan mulki.

Wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba wani misali ne. An kashe maƙudan kuɗi wajen kafa motar igiya mai hawa dutse a 2005, wurin ya yi tashe, daga baya rashin kulawa ya durƙusar da shi na tsawon shekaru. Ginawa ba ta kai kulawa wuya ba.

A gefe guda, birnin Segu na Mali, wanda shi ma ke bakin wannan kogi, ya fara bikinsa a 2005 bisa jagorancin masu otal da 'yan kasuwar garin, ba gwamnati ba. A Jihar Kerala ta Indiya kuwa, tseren dogayen jirage na kofin Nehru yana gudana tun 1952, kowane ƙauye da jirginsa da ƙungiyarsa da masu ɗaukar nauyinsa, ana atisaye makonni kafin ranar. Abin da ya riƙe waɗannan bukukuwa shi ne mutanen gari na ganin abin nasu ne, kuma suna samun kuɗi a ciki.

Abin da ya rage

Idan aka tattara ra'ayoyin ɓangarorin, buƙatun ba su da yawa, kuma yawancinsu ba sa neman biliyoyi. A tsayar da ranar biki tun da wuri a sanar, domin mai nisa ya shirya. A mayar da tseren gasa tsakanin garuruwan gaɓa daga Shanga zuwa Ngaski, ana fafatawa tun daga Disamba, a kammala a Yelwa. A yi wa jiragen da za su ɗauki baƙi rajista, a duba lafiyarsu, a horar da matasan gari su zama 'yan rakiya masu sanin tarihi. A sa wa Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin masu jirage hannu a aikin hana lodi, tunda su ne ke mashiga kullum. Sannan a riƙa bayyana abin da aka kashe da adadin baƙin da suka zo, domin a daina auna nasara da yawan manyan da suka halarta.

Hanya da tsaro sun fi ƙarfin masarauta, wani ɓangaren ma ya fi ƙarfin jiha. Amma rigar kariya da tsarin mashiga da rabon amfanin biki suna hannun mutanen da ke Yelwa da Birnin Kebbi. Matuƙan Yauri sun riga sun nuna abin da za su iya a kan ruwa. Ranar da fasinjan kasuwar Wara zai samu irin kulawar da babban baƙo ke samu ranar Rigata, ranar ce mai iyali daga nesa zai yarda ya sa 'ya'yansa a jirgi.